Yadda Ake Adana Takobi da Wuƙar Gado Kada Tsatsa Ta Ci Su

Yawancin takubba da wuƙaƙen gado da suka lalace a gidajenmu, a cikin kubensu suka lalace, suna rataye a bango ko suna kwance a gindin adaka. Mai gida ya sauko daga hawan sallah, ya mayar da takobi kube, ya rataye, hankalinsa kwance. Sai wata sallar ta zagayo a zo zarewa ya ƙi fita. In an ja da ƙarfi, ya fito da jajayen tabo tun daga tsini har gindi.

Abu uku tsatsa take buƙata: ƙarfe, iskar oksijin da ruwa. Ba sai an tsoma wuƙa a kwano ba, laimar da ke yawo a iska ta wadatar. Da zarar laimar ɗaki ta haura kashi 65 cikin 100, kamar yadda take yi a Kano ko Zariya cikin watan Agusta, wani siririn danshi da ido ba ya gani yakan kwanta a jikin ƙarfen, daga nan ɓarna ta fara. Jar tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma, shi ya sa take kumbura ta ɓanɓare, ruwa ya sami hanyar shiga ƙarƙashinta ya ci gaba da haƙa rami. Saboda haka ne masu kula da gidajen tarihi suke ƙoƙarin riƙe laimar ma'ajiyar ƙarfe ƙasa da kashi 40.

To ina laifin kube? Fata tana shan danshi ta riƙe, ko da ɗakin ya bushe. Ga kuma abin da aka jeme ta da shi. Majemanmu da bagaruwa suke jima, ita kuwa bagaruwa tana ɗauke da wani sinadari mai tsami da ba ya jituwa da ƙarfe: in sun daɗe a manne ga danshi, sai ya baƙanta shi, ya bar masa zane. Fatar kamfani ma ba ta tsira ba, domin tana da nata gishirin jima. Idan akwai adon tagulla a bakin kuben ko a ƙota, za ka ga wani kore-kore mai maiƙo ya taru daidai inda fata ta taɓa shi. Aikin dukawa abin alfahari ne, amma don rataya da tafiya aka yi kube, ba don ajiyar wata da watanni ba.

Mutanen Japan sun daɗe da gane wannan. Takobinsu kube biyu gare shi. Akwai na ado, wanda ake fita da shi, akwai kuma na farin katako zalla, ba fenti ba fata, wanda suke kira shirasaya, a ciki takobin yake zama idan ba a buƙatarsa. Mu da ba mu da irinsa, abin yi shi ne a raba wuƙa da kubenta, a ajiye su kusa da juna amma kowa da wurinsa. Don kada kuben ya lanƙwashe, ana iya zura masa siririn busasshen katako.

Kafin a ajiye, a goge. Mutum in an miƙa masa wuƙa mai kyau, abin da zai fara yi shi ne ya shafa kaifin da yatsa. Gumin hannu kuwa da gishiri a ciki, gishiri kuma jan ruwa yake yi. Ba a daɗewa sai ka ga shatin yatsan ya fito sarai a jikin ƙarfen, kuma in ya kama, tsumma ba ya fitar da shi. Duk wanda ya taɓa, a bi bayansa da farin ƙyalle mai laushi.

Sai batun mai, inda mutane da yawa suke kuskure. Man gyaɗa da manja da man shanu duk suna lalacewa: su yi ɗoyi, su yi danƙo, su kama ƙura, daga baya su koma tsami. Man keken ɗinki ya fi su nesa ba kusa ba, ga araha, ga shi a kowace kasuwa. Ɗigo biyu ko uku a tsumma sun isa takobi guda. In ka ga man yana nasowa ko yana gangara, ya yi yawa, a rage. Wuƙar da za a yi yanka da ita kuwa sai an wanke ta tas kafin ta taɓa nama. Ga mai son ajiya ta dogon lokaci, kaki ya fi mai, tunda ba ya tsiyayewa. Akwai wanda ake kira Renaissance Wax, da aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya a shekarun 1950, gidajen tarihi da yawa da shi suke aiki. A shafa kaɗan, a bari ya sha iska, a goge.

Wani zai ce tasa wuƙar irin wadda ba ta tsatsa ce. Gaskiya ne tun da Harry Brearley ya fito da irin wannan ƙarfe a Shefil ta Ingila a 1913 abu ya yi sauƙi, domin sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, yakan yi wa ƙarfen wata fata da take kare shi. Sai dai gishiri yana huda ta, ya bar ƙananan ramuka kamar bakin allura. Tsofaffin takubba da aikin maƙeranmu kuwa ba su da wannan kariya ko kaɗan.

Wurin ajiya ya zama busasshe, nesa da bango mai jiƙewa da damina, nesa da ƙasa, nesa da madafa. Kada a ƙulle wuƙa a leda, domin in da ɗan danshi a ciki an rufe su tare ke nan. Ƙananan ƙunshin nan masu tsakuwoyi farare da ake samu a kwalin sabon takalmi, aikinsu shan laima ne. A tara su a zuba a akwatin, amma a riƙa sauyawa, don suna ƙoshi. Da hunturu kuma matsalar juyawa take yi. Ƙarfe ya huta, amma ƙotar katako ko ƙaho ko hauren giwa ta bushe ta tsage, fatar kube ta yi tauri. A lokacin sai a kawar da su daga rana da iska.

Idan tsatsar ta riga ta kama, a yi hattara. Ja mai gari-gari ita ce mai ci, a jiƙa ta da mai, a bar ta ta kwana, a murza a hankali da tsumma ko tsinken katako. Baƙi-baƙin da ya kwanta lif a jikin tsohon ƙarfe kuwa ba ciwo ba ne, yana ma taimakawa wajen kare shi, a ƙyale shi. Babbar asara ita ce a kai takobin kaka wurin mai injin wasa ya fito da shi fari fat. Da yawa daga takubban Buzaye na Agadas da na Sudan da ake kira kaskara, ƙarfensu daga Turai ya tsallako hamada, musamman daga garin Solinjen na Jamus, kuma alamomin da ke jikinsu, irin jinjirin watan nan da ake bugawa biyu-biyu, su ne masana suke dubawa don gane asalinsu. Injin wasa a minti kaɗan zai share su, ba kuma mai iya mayarwa.

Don haka, mai karatu, in kana da irin wannan kaya a gida, ka zaro shi ka duba kafin ruwan farko ya sauka, ka sake dubawa a tsakiyar damina, sannan in ruwa ya ɗauke.