Daga lissafin baki zuwa takardar lanho: matsalolin masu cika wa ƴan kasuwa takardun haraji a gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

1. Gabatarwa

Tsarin harajin kasuwanci na Jamhuriyar Nijar, kamar na sauran ƙasashen da suka gaji dokokin Faransa, a kan sanarwa ya ginu. Wato ɗan kasuwa shi ne zai bayyana abin da ya saya da abin da ya sayar cikin shekara, ya sa hannu, sa'an nan Babbar Ma'aikatar Haraji, wadda aka fi sani da DGI, ta bincika idan ta ga da buƙata. To amma a garuruwa kamar Agiye da Caduwa da Gazawa da Gangara da Tibiri da Gidan Rumji, da yawa daga masu hada-hadar gero da wake da aya da riɗi ba su karanta faransanci, ko da yake akwai masu rubuta bashinsu da ajami cikin ɗan littafi. Saboda haka tilas a sami wani a tsakani: ko mai rubuta wa mutane takardu da ke zaune kusa da ma'aikatar magajin gari, ko wani ɗan boko na cikin dangi, ko kuwa, ga manyan Alhazai, kwantabul mai rajista da ƙungiyar ONECCA. Dukansu za mu kira su "mai cika takarda".

Abin da muke son nunawa a cikin wannan ɗan nazari shi ne, mafi yawan wuyar aikin nan ba a wajen tarawa da ɗebewa take ba. Tana wajen fassara ne. Ɗan kasuwa yana da nasa lissafi, cikakke, da nasa kuɗi da ma'auni da shekara; takarda kuma tana da nata. Kuskuren da ke jawo tara yakan shiga ne a daidai lokacin da ake juyar da na farko zuwa na biyu.

2. Wane lanho?

Tambayar farko takan zo tun kafin a buɗe takarda. Mutum ya ce: "Ai na biya lanho," ya fiddo rasiɗi daga aljihu. A bakin jama'a kalmar lanho ta haɗa kome: harajin kai da mai gari ke tattarawa gida-gida, da tikitin kasuwa, da fatanti, da harajin riba. Na farkon shi ne mafi daɗewa. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Seyni Kunce ta soke harajin kai na gwamnatin tsakiya, aka bar na gunduma, wanda ya daɗe a kan tamma 700, wato dala 140, ga kowane baligi. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 wannan kuɗi ya koma asusun ƙananan hukumomin. Rasiɗin mai gari ko na ɗan tikiti bai ɗauke wa kowa harajin kasuwanci ba, kuma mai cika takarda ya wajaba ya faɗi haka a fili, ko da mai zuwan zai ji kamar an cuce shi sau biyu.

3. Dala, jika, tamma da naira

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin nan ne kuskure ya fi girma kuma ya fi saurin ɓuya.

Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga kuɗi, dala kuwa tamma 5 ce ta sefa. In ya ce "ɗari", tamma 500 yake nufi. In ya ce "dubu", tamma 5.000. Amma jika tamma 1.000 ce, wato dala 200, miliyan kuma a bakin yawancin mutane miliyan ce ta tamma kamar yadda take a faransanci. Ke nan cikin jimla ɗaya mutum yana iya haɗa ma'auni biyu ba tare da ya lura ba, mai saurare ɗan gari kuma ya fahimta ba tare da ya tambaya ba. Takarda ita ba ta san dala ba.

Mu ɗauki misali. Wani mai sayen hatsi ya ce duk ranar kasuwa yana cinikin "dubu ɗari uku". In dala yake nufi, tamma 1.500.000 ke nan, kuma a kasuwa 52 ta shekara sun zama tamma miliyan 78. In mai cika takarda ya rubuta 300.000 kamar yadda kunnensa ya ji, jimlar shekara za ta tsaya a miliyan 15 da dubu 600. Bambancin ba na yawan kuɗin da za a biya kaɗai ba ne. Dokar lissafi ta OHADA, wadda aka sabunta a Barazabil a 2017 ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018, ta yarda wa ƙananan ƴan kasuwa su riƙe sauƙaƙan littafi na shigar kuɗi da fitarsu kawai, muddin cinikinsu na shekara bai kai tamma miliyan 60 ba ga masu saye da sayarwa, miliyan 40 ga masu sana'ar hannu, miliyan 30 ga masu aikin hidima. Lissafin farko ya ɗora mutuminmu sama da wannan iyaka, na biyu ya bar shi can ƙasa da ita. Dokar haraji ma tana da nata iyakoki, waɗanda ke raba masu biyan dunƙulallen haraji da masu biya bisa ainihin riba. Ba ɗaya suke da na OHADA ba, kuma dokar kasafin kuɗi ta shekara tana iya sauya su. Don haka takardar bara ba hujja ba ce ga ta bana.

Akwai kuma karatu na uku. Yankin nan yana kallon Katsina ne. Wanda ya saba kai wake Jibiya ta hanyar Ɗan Isa, ko ya yiwo sarin kaya a Kano, in ya ce "dubu" watakila naira dubu ce a ransa. Sefa tana ɗaure da yuro tun 1999, kusan tamma 656 ga yuro guda, naira kuwa tana hawa tana sauka, musamman tun da Babban Bankin Najeriya ya sake ta a watan Yuni na 2023. Ƙa'idar lissafi ita ce a juya kuɗin waje zuwa sefa bisa canjin ranar da aka yi cinikin. Wanda ya tara nairar shekara duka ya juya ta da canjin watan Disamba, ya rubuta abin da bai faru ba. Mu a ganinmu babu magani sai ɗaya: a maimaita wa mutum kowane adadi da jika kafin a rubuta shi, a kuma rubuta canjin ranar a gefen kowane sari da aka yi da naira.

4. Cinikin wa?

Takarda tana tambayar abin da faransanci ke kira «chiffre d'affaires», wato jimlar kuɗin duk abin da aka sayar, kafin a ɗebe kome. In aka tambayi ɗan kasuwa: "Nawa ka samu bana?" riba zai faɗa, wani lokaci ma abin da ya rage bayan cefane. In kuma aka ce: "Nawa ya bi ta hannunka?" zai haɗa har da kuɗin mutane. Duka amsoshin biyu gaskiya ne, kuma babu wadda ta dace da gurbin.

Dillali shi ne misali mafi bayyana. A ce wani a kasuwar Caduwa ya sayar wa baƙo buhu 200 na aya a kan jika 25 kowane buhu: tamma miliyan 5 sun ratsa hannunsa. La'adarsa, a ce dala ɗari ga buhu, tamma 100.000 ce. In aikinsa haɗa mai kaya da mai saye ne kawai, la'adar ita ce cinikinsa. In kuwa ya sayi ayar da kuɗinsa ya ajiye, ya sayar daga baya, miliyan 5 ɗin nasa ne a takarda. Mutum guda yakan yi duka biyun a rana ɗaya, kuma shi bai ga dalilin rarrabe su ba.

Haka batun ubangida da bara, wanda Emmanuel Grégoire ya yi bayaninsa a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi. Bara yana sayen hatsi a ƙauyukan Gazawa ko Gidan Rumji da jarin ubangidansa na Maraɗi. Wa ya yi cinikin? A al'ada amana ce, ba a rubuta ta. A takarda kuwa, wanda lambarsa ta haraji, wato NIF, ta fito a kan takardar sayarwa ko ta duwan, shi ake bi. Daga nan ne babbar fitina take tasowa, ta aron lamba. Mutum ya ara wa ɗan'uwa ko aboki lambarsa don ya shigo da kaya, ko ya karɓi kwangilar wata ƙungiya, yana ganin zumunci ya yi. Bayan shekara biyu sai ma'aikata su gwama bayanan duwan da sanarwarsa, su ga kayan miliyoyin da bai bayyana ba. Ya zama wajibi mai cika takarda ya yi wannan tambaya da bakinsa: "Alhaji, akwai wanda ya yi aiki da lambarka bana?" Tambaya ce mai nauyi, amma in ba a yi ta ba a ɗaki, za a yi ta a ofis.

5. Shekara, tiya da rumbu

Shekarar lissafi, bisa dokar OHADA, daga 1 ga Janairu take zuwa 31 ga Disamba, kuma ana son a kammala takardun ƙarshen shekara cikin wata huɗu bayan rufewa. Shekarar mai hatsi kuwa daga kaka take zuwa kaka: yana saye a Oktoba da Nuwamba lokacin da gero ke da araha, ya sayar da bazara ko tsakiyar damina. Ranar 31 ga Disamba takan same shi sito cike, aljihu wayam. In an rubuta saye aka manta kayan da ke ajiye, takarda za ta nuna hasarar da ba a yi ba, ta shekara mai zuwa kuma ta nuna ribar da ta wuce hankali. Dole ne a ƙirga buhunan, a kuma san cewa an saya da tiya ne za a sayar da buhu. Akan ce tiya 40 ce buhun gero mai kilo 100, amma tiyar saye mai tozo da tiyar sayarwa ba lalle su zo daidai ba, kuma wani sashe na ribar a cikin wannan tozon yake.

Sa'an nan ga rumbun gida. Kusan duk ɗan kasuwar yankin manomi ne, geron gandunsa da wanda ya saya sukan kwana a sito guda, daga nan kuma ake ɗiban na tuwo, da na biki, da na zakka. Tsarin lissafin OHADA ya tanadi gurbi na musamman, asusu mai lamba 104, don abin da mai dukiya ya sa cikin kasuwancinsa daga gida ko ya ɗiba don kansa. Kuɗin suna da kujerar Makka da zakka nan ne muhallinsu, ba cikin ɗawainiyar kasuwanci ba. Batun zakka yakan jawo gardama, don mutum yana ganin ya riga ya fitar da hakkin dukiyarsa. Mai cika takarda ba malamin fiƙihu ba ne. Iyakarsa ya ce wannan hakki dabam, wancan dabam.

Rasiɗi kuwa, manomin da ya kawo tiya goma a kan jaki ba ya bayar da shi. Tun 2021 hukuma ta matsa a kan takardar ciniki mai hatimin na'ura, amma wannan tsakanin masu rajista ne. Abin da ya rage wa mai saye a ƙauye shi ne littafin yau da kullum, mai kwanan wata da sunan kasuwa da yawan tiya da farashi, ko da da ajami ne. Doka ta ce a ajiye takardun lissafi shekara 10.

6. Sa hannu da harshe

Wanda ya sa hannu, ko ya dangwala yatsa, shi ke da sanarwar, kuma shi za a ci tara in ta zo da kuskure. Sau da yawa bai san abin da ke ciki ba. Wani kuma ya sani sarai, shi ne ma zai ce: "Malam, rage mini." Wannan roƙo yana da tarihi. Tun zamanin Nasara ƙidaya da haraji tare suke tafiya, ɓoye kai da ɓoye dabba kuma dabarar tsira ce. Ga kuma tsoron baki da na ƴan'uwa masu roƙo, wanda ke hana mutum faɗin dukiyarsa ko ga ɗansa. Mai cika takarda, wanda sau da yawa ƙane ne ko ɗa ga mai dukiyar, ba shi da bakin musu da babba. Abin da yake iyawa shi ne ya bayyana cewa in ma'aikata suka ƙi amincewa da sanarwa suna da ikon gyara ta su ɗora tara, ya kuma karanta wa mutum takardar da Hausa, gurbi-gurbi, kafin a sa hannu, su biyu kaɗai.

Karantawar ita ma tana buƙatar kalmomi. Dokar OHADA ta ce a riƙe lissafi da harshen hukuma da kuɗin ƙasa. A watan Maris na 2025 sabon kundin tafiyar da mulkin Nijar ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan ya sa batun daidaita kalmomin haraji ya zama na gaggawa ga sassan nazarin harsuna. Muna ba da shawarar "jimlar ciniki" ga «chiffre d'affaires», da "ɗawainiya" ga «charges», da "kayan ajiye" ga «stock». Kalmar "riba" kuwa tana son hattara, domin a kunnen wasu tana kusa da kuɗin ruwa da shari'a ta hana. In ana nufin «bénéfice» gara a ce "ribar ciniki". A kan kowane gurbin kuɗi kuma, in an buga takardar da Hausa, ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe: da tamma, ba da dala ba.