Kurman Jirgi A Sararin Durumi: Abin Da Doka Ta Ce

A ranakun Asabar, in ana shagalin biki a unguwar Durumi da ke maƙwabtaka da Garki a Abuja, ba wuya mutum ya ji wata ƙara kamar ta taron ƙudan zuma a bisa kansa. In ya ɗaga kai sai ya ga ɗan ƙaramin jirgi mai fanka huɗu yana shawagi yana ɗaukar hoton 'yan biki, wani saurayi kuma na tsaye gefe yana sarrafa shi da na'ura a hannu. Wannan shi ne jirgi maras matuƙi, wanda wasu ke kira kurman jirgi.

Da yawa daga cikin jiragen nan daga kasuwannin Ikko suke fitowa, watau irin su Alaba da Ikeja, kuma 'yan uwanmu mazauna kudu ne ke saye su aika gida don ƙane ko ɗa ya sami sana'a. Niyya ce mai kyau. Sai dai akasarin masu sayen ba su san cewa a idon hukuma abin nan jirgin sama ne ba, ba abin wasan yara ba.

Tun cikin watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ta ba da sanarwar hana kowa tayar da irin jirgin nan a sararin Nijeriya sai da izninta, da kuma na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Ƙofa biyu ke nan. Ta uku kuwa tana bakin iyaka, domin shigo da shi daga ƙasashen waje na bukatar takardar shaida daga ofishin tsaron nan, wadda ke nuna wanda zai yi amfani da shi. In babu ita, 'yan kwastan na iya riƙe kayan, kuɗin mutum ya bi ruwa.

Sharuɗɗan da aka gindaya a lokacin ga mai son yin kasuwanci da shi sun yi tsauri ƙwarai. Sai ya kasance da kamfani mai rajista da jarin Naira miliyan 20, ya biya Naira 500,000 kuɗin duba takardu, ya kuma miƙa buƙatarsa wata shida kafin ya fara aiki. Ina mai hoton biki a Durumi zai samo wannan? Ba abin mamaki ba ne da kamfanin mai na Oando ne ya fara karɓar takardar izni a 2017. Dokar da talaka ba zai iya cikawa ba, kewaye ta kawai zai yi, abin da ya yi ta faruwa ke nan. A 2023 hukumar ta sabunta dokokinta, ta ware wa waɗannan jirage babi na musamman, saboda haka mai bukata ya nemi sharuɗɗan yanzu daga ofishinta kafin ya kashe ko kwabo.

Ko da izni a hannu, akwai iyaka. Ba a wuce tsayin ƙafa 400, watau kimanin mita 120, kuma dole jirgin ya kasance inda idon mai tuƙinsa ke ganinsa. Ba a kusantar filin jirgin sama ko barikin soja. A nan ne zaman Durumi ya ke da wuya, don kilomita kaɗan ne tsakaninta da fadar Aso Rock da Majalisar Tarayya, inda ba a yarda komai ya gitta ta sama ba.

Tsoron hukuma ba na banza ba ne. A Disamban 2018 rahoton ganin irin jiragen nan ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick a Ingila, aka soke ko karkatar da tashi da sauka kusan 1,000. A gida kuma, bayan 'yan ta'adda sun kai wa sojoji hari da su a Wajiroko cikin Jihar Borno a Disamban 2024, rundunar soja ta hana tayar da su a Borno da Yobe da Adamawa a Janairun 2025. Mutanen Gwoza da ke zaune a sansanin 'yan gudun hijira na Durumi ba sa bukatar a yi musu bayanin dalili.

Amma wanda ya bi ƙa'ida yana aikinsa lafiya. Tun 2022 kamfanin Zipline ya fara kai magunguna da alluran rigakafi asibitocin karkara a Jihar Kaduna daga tasharsa ta Pambegua, da iznin hukuma.