Wutar daji a ƙasar Guci: Idan ta tashi wa zai biya?

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, mu da muke bin kasuwannin kan iyaka tsakanin Maigatari da Dungas da Magarya hankalinmu ba ya kwanciya. A daidai wannan lokaci ne amfanin gona yake jibge a fili: dammunan gero, karan dawa, harawar wake da ta gyaɗa, ga riɗi an jingine shi yana shan iska. Duk waɗannan kuɗi ne, kuma duk abincin wuta ne.

Guci ƙaramar hukuma ce a jihar Damagaram, da can tana ƙarƙashin Magarya, sai a 2011 da aka ɗaga Dungas ta zama gunduma ta koma can. Mutanen wannan yanki sun san fari. Dattawa ba su manta da na 1973 da na 1984 ba, matasa kuwa sun ga ƙarancin abinci na 2005 da na 2010. Bayan farin 1984 ne manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka rungumi dabarar barin tohon itatuwa a gona, musamman gawo, har ƙasar ta sake yin duhu. Gawon nan shi ke ba gona taki, 'ya'yansa kuma dabbobi su ci da rani. Ɗan itacen da aka yi shekaru ana reno, wutar yini ɗaya ta ishe shi.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba, wutar daji ta fi ɓarna a shekarar da ciyawa ta yi yawa, musamman a makiyayan arewa irin su Tanut da Gure. To amma a shekarar fari, ɗan abin da ta ci ma ya fi ciwo, domin babu na mayarwa. Makiyaya sai su gangaro kudu da wuri, harawa ta yi tsada, mai kiwon rago don Sallah ya rasa riba, mai sayar da nono ta ga ƙwaryarta ta ragu.

Wa ke tada ta? Yaran da ke farautar gafiya, masu ɗiban zuma, matafiyin da ya dafa shayi ya tafi bai kashe garwashi ba, da manomin da ke ƙona sharar gona. Mu ma 'yan kasuwa ba mu fita ba. Rumfunanmu na zana ne, kuma sau nawa mai tuyar ƙosai ko awara take tashi ta bar murhu da rai?

Dokar gandun daji ta Nijar, mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yunin 2004, ta haramta cinna wa daji wuta, akwai kuma tara da ɗauri ga wanda aka kama. Ban da wannan, dokar hulɗar jama'a ta ƙasar ta ce duk wanda ya jawo wa wani hasara, ko da sakaci ne ba ganganci ba, sai ya biya, kuma iyaye ke ɗaukar ɓarnar yaran da ke hannunsu. Malamanmu na Malikiyya ma haka suka tafi: a cikin Muhtasar na Shehu Halil, wanda ya hura wuta a ranar da ake iska mai ƙarfi, lamunin abin da ta ƙona yana wuyansa. Saboda haka cewa "ƙaddara ce" ba ta sauke biya.

Inda gizo ke saƙar shi ne shaida. Yawancin irin wannan ƙara a gaban mai gari ko sarki take ƙarewa da sulhu, kuma wanda ya sayi harawa ko hatsi ya bar su a gonar wani ba tare da shaidu ko takarda ba, da wuya ya iya nuna yawan abin da ya ƙone masa. Shi ya sa wasu fatake ba sa yarda kayansu su kwana a gona, gara su biya kuɗin amalanke a kai musu gida tun ranar ciniki.