Maganin ƙuda na doki daga ƴaƴan bedi

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa tsayawa ka dubi doki a turke tsakiyar damana? Ga ɗanyar ciyawa a gabansa, amma bai samu sukunin ci ba. Yana kaɗa wutsiya, yana buga ƙafa, yana girgiza kai, fatar jikinsa sai rawa take yi. Ƙuda ne suka hana shi sakat. Haka abin yake ko'ina cikin Damargu, daga Bakin Birji zuwa Tanut, daga Gangara zuwa Belbeji. Da ruwa ya sauka cikin watan Yuli, tabkuna suka cika, ƙuda sun samu gari ke nan, sai sanyin kaka ya shigo.

Doki dukiya ne. Shi ke kai ka kasuwa, shi ke kai ka gona mai nisa, shi ke fid da kai kunya ranar salla. Dokin da ƙuda suka dama ba ya ƙoshi, ba ya hutawa. Kana ba shi dusa da kanwa, amma kullum ramewa yake yi. To, akwai magani da za ka haɗa da hannunka a gida, ba sai ka kashe kuɗi ba. Amma kafin mu kai gare shi, bari mu san abokin gaba tukuna.

Ƙudan da ke damun doki

Ba iri ɗaya ba ne. Na farko shi ne ƙudan gida, wanda kowa ya sani. Shi ba ya cizo, lasa yake yi. Yana bin hawaye da kwantsa da majina da miki. Macensa tana yin ƙwai fiye da 100 a zama guda cikin ɗanyen kashin dabba. In da zafi da laima, cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya zama tsutsa, tsutsa ta zama ƙuda mai tashi.

Na biyu ya yi kama da ƙudan gida sosai, amma bakinsa tsini gare shi kamar allura. Jini yake sha, kuma ya fi son ƙafafu da ƙasan ciki. In ka ga doki yana ta buga ƙafa, yawanci shi ne. Yana hayayyafa cikin ruɓaɓɓiyar ciyawa da ta jiƙe da fitsari a gindin turke.

Na uku ita ce bobuwa, babbar nan mai zafin cizo. Tsutsarta cikin laka take girma a bakin tabki, kuma da rana tsaka take farauta. Sai kuma ƙyashi da sauro, masu fitowa da almuru da asuba.

Ɓarnarsu ba ta tsaya ga cizo ba. Ƙudan tsando ba ya zama a ƙasarmu, don ta yi masa bushewa. Duk da haka sammore yana kama raƙuma da dawaki a nan. Ta yaya? Bobuwa ce ke cizon raƙumi mai ciwo, ta tashi da jini a bakinta, ta sauka kan doki mai lafiya. Wani likitan dabbobi mai suna Griffith Evans shi ya fara ganin ƙwayar wannan cuta cikin jinin dawaki da raƙuma a ƙasar Indiya, a shekarar 1880. Ƙuda kuma yana ɗaukar ƴan mitsi-mitsin tsutsotsi daga kashin doki ya zuba su cikin miki ko gefen ido. Shi ya sa ƙaramin ƙurji na sirdi kan zama gyambo da damana, ya ƙi warkewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Me ya sa bedi?

Bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro ko darbejiya, itace ne da aka kawo daga ƙasar Indiya. Yau ga shi nan a kasuwanninmu, da makarantu, da ƙofar gidaje, muna shan inuwarsa. A shekarar 1959 fara ta sauka a ƙasar Sudan, ta cinye duk wani kore. Wani masani Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer ya lura da abu guda: bedi kaɗai ta bari da ganyensa. Masana suka shiga bincike. A shekarar 1968, a Ingila, aka fid da sinadarin da ke cikin ƙwayar ƴaƴan bedi, wanda ke hana ƙwari ci, ya kuma hana tsutsarsu girma. Ganye ma yana da shi, amma ƙwayar ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Mu mutanen Damargu mun san fara, ba sai an ba mu labari ba. Abin da fara ta ƙi, ka san ba ƙaramin abu ba ne.

Tara ƴaƴan bedi

In ƴaƴan sun nuna sukan yi rawaya, su zubo ƙasa. Tsuntsaye da jemagu suna shanye naman su yar da ƙwallon. Sa yara su tsinto maka. Wanke ƙwallon da ruwa, ka shanya shi a inuwa kan tabarma har ya bushe sarai. Kada ka shanya a rana mai zafi, tana rage masa ƙarfi. Ajiye shi cikin kwando ko buhun da iska ke shiga. Cikin leda fumfuna yake yi, kuma wanda ya yi fumfuna zubarwa ake yi.

Yadda ake haɗa ruwan feshi

Ga abin da kake bukata: ƙwayar bedi giram 50, wato kamar cikin hannu biyu, ruwa mai tsabta lita 1, ɗan guntun sabuni na wanki kamar kan yatsa, tsumma mai tsabta, da gorar roba.

1. Zuba ƙwallon cikin turmi, ka daka a hankali don ɓawon ya fashe. Sheƙe ɓawon, ka bar ƙwayar.

2. Daka ƙwayar har ta yi laushi. Nemi tsohon turmi da ba a aiki da shi, don ɗacin bedi ba ya fita da wuri. In ka shiga turmin fura, kai da uwargida ne!

3. Zuba garin cikin ruwa, ka motsa, ka rufe. Bar shi ya kwana.

4. Da safe tace da tsumma sau biyu, don kada tsaki ya toshe hujin gora.

5. Narka sabunin cikin ruwan. Sabuni ne ke sa maganin ya kama gashi, kada ya zurare.

6. Zuba cikin gora, ka huhhuda murfin da allura mai zafi. Ka samu abin feshi ke nan.

In dawakinka da yawa, ko kana son ka haɗa da jakai, sai ka ninka: rabin kilo na ƙwaya cikin ruwa lita 10. Amma kada ka haɗa fiye da abin da za ka ƙarar cikin kwana biyu. Ruwan bedi ba ya ajiyuwa: zafi da hasken rana suna kashe ƙarfinsa.

Man bedi

Mai ya fi ruwa daɗewa a jikin doki, kuma yana ajiyuwa. Ana fid da shi kamar yadda mata ke fid da man gyaɗa. A daka ƙwayar ta yi laushi ƙwarai, a yayyafa ruwa kaɗan, a yi ta murzawa da hannu har mai ya fara tsattsafowa. Kilo 1 na ƙwaya yakan ba da abin da ya kai ƙananan kofunan shayi biyu. Zuba shi cikin kwalba, ka rufe, ka ajiye a wuri mai duhu.

Ranar aiki, sai ka narka sabuni cikin ruwa lita 1, ka zuba ƙaramin cokali 4 na man, ka girgiza sosai. Mai da ruwa ba su shiri, saboda haka kowane lokaci za ka fesa sai ka sake girgizawa. Kada ka shafa wa doki man tsantsa a jiki duka. Yana iya ƙona fata, balle a rana.

Yadda ake sa wa doki

Fara da gwaji. Shafa kaɗan a gefen wuya, wuri kamar tafin hannu, ka jira har gobe. In wurin bai kumbura ba, doki bai yi ta susa ba, to ci gaba.

Goge masa ƙura da busasshen gumi tukuna. Sannan ka fesa a ƙafafu, da ƙasan ciki, da ƙirji, da wuya, da gindin wutsiya. Wani doki yana tsoron feshi. In naka haka yake, jiƙa tsumma ka shafa masa, kana yi masa magana a hankali.

Fuska kam ba a fesa mata. Da tsumma ake shafawa, a goshi da kumatu da bayan kunne, nesa da ido da hanci da baki. Kada ka sa a al'aura, ko a hantsar goɗiya mai shayarwa, don duƙushi zai ƙi nono. Kada ka zuba cikin miki. Miki wanke shi ake yi da ruwan gishiri mai tsabta, a shafa maganin a kewayensa, a rufe in da hali. Kuma kada ka sa a wurin zaman sirdi in za ka hau.

Sa masa da safe kafin ƙuda su tashi, ka sake da la'asar saboda ƙyashi da sauro. In ruwa ya dake shi, ko ya yi gumi da yawa, maganin ya tafi, sai ka sake.

Gaskiyar magana

Kada wani ya ruɗe ka. Ruwan bedi yana rage ƙuda na ƴan awoyi ne, ba ya ƙarar da su. Bobuwa ma taurin kai gare ta, wani lokaci ba ta kula da shi. In ka fesa magani, ka bar doki tsaye cikin kashinsa da jiƙaƙƙiyar ciyawa, kana kora ta gaba ne, suna haihuwa ta baya. Saboda haka:

Kwashe kashi da ragowar ciyawa kowace safiya, ka kai juji nesa da turke. Gobe taki ne ga gonarka.

Zuba busasshen rairayi inda fitsari ya jiƙa, ko ka sauya wa turke wuri. Kafa shi a kan tudu, inda iska ke kaɗawa.

Kada ka ɗaure doki a bakin tabki da rana tsaka. Kada kuma ka haɗa shi da raƙuma masu rama a wurin shan ruwa.

Da almuru hura ɗan hayaƙi da busasshiyar kashin shanu da ɗanyen ganyen bedi, kamar yadda iyayenmu ke yi. Amma nesa da rumbu da harawa, kuma kada ka kwanta ka bar wuta.

Kada ka yanke wa doki wutsiya ko geza don ado. Su ne mafici da Allah ya ba shi.

Abubuwan da ba a yi

Wasu, in ƙuda sun ishe su, sai su shafa wa doki baƙin man mota, ko kananzir, ko maganin ƙwarin gona. Wannan guba ce. Tana ƙona fata, doki ya lasa ta shiga ciki. Haka nan kada ka yi aiki da famfon da aka taɓa fesa maganin gona da shi, ko da an wanke. Akwai kuma wani maganin kaska na shanu mai suna amitraz. Yana yi wa shanu aiki, amma doki yakan ɗaure masa ciki, har ya kashe shi. In ba ka iya karanta abin da ke jikin kwalba ba, tambayi wanda ya iya. Ka ga amfanin karatun da muke yi.

Man bedi kansa ba na sha ba ne. Yana yi wa ƙananan yara mummunar illa in sun haɗiye shi. Ajiye kwalbar inda hannunsu ba ya kaiwa, ka wanke hannunka bayan aiki.

In ka ga doki yana zazzaɓi yana sauka yana dawowa, yana rama alhali yana ci, ƙafafu ko ƙasan ciki sun kumbura, ko gyambo ya ƙi warkewa, wannan ya wuce bedi. Maza ka nemi likitan dabbobi a Tanut ko Belbeji, ko ma'aikacin kiwo na kusa da kai. Bedi rigakafi ne, ba ya warkar da cutar da ta riga ta shiga jini.

To ɗan'uwa, ƙwallon bedi yana nan zube ƙarƙashin itace, ana takawa ana wucewa. Bana tara naka tun kafin ruwa ya sauka. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana dabbobinmu.

Tambayoyi

1. A ina ƙudan da ke cizon ƙafar doki yake hayayyafa?

2. Ƙwayar bedi giram nawa ake sa wa ruwa lita 10?

3. Waɗanne wurare ne na jikin doki ba a sa wa maganin?

4. A garinku, me tsofaffi ke yi don kore wa dabbobi ƙuda? Ku tattauna a aji.