Kwana a kufan Damagaram: abin da ya kamata baƙo ya sani

Idan karatu, kasuwanci ko aiki ya kawo ku Zinder daga Kano, Katsina ko wata ƙasa mai nisa, ba za ku yi mako guda ba sai idonku ya sauka kan duwatsun garin. A unguwar Birni manya-manyan duwatsu ne suka hau kan juna, gidajen ƙasa na jingine da su, awaki na kaiwa da komowa a tsakani. Daga nan sha'awa ke kama wasu baƙi, su so fita bayan gari a ƙafa, su hau tsauni, su kwana inda mutanen dā suka zauna. Sha'awa ce mai kyau, amma tana da ƙa'ida.

Mene ne kufai?

Kufai wuri ne da aka taɓa zama, mutane suka tashi suka bar shi saboda yaƙi, fari ko ƙafewar rijiya. Kada ku sa ran ganin dogayen gine-gine. Ginin ƙasa ruwan sama ke cinye shi, sai ya koma tudu. Abin da zai shaida muku gari ne shi ne tsingaro, wato fasassun tukwane, warwatse a ƙasa, da dutsen niƙa da tsakiyarsa ta lotsa don yawan aiki, wani lokaci da tsofaffin kukoki tsaye a fili.

Ina ake samun su?

Ku fara da Birni, da rana. Nan fadar Sarkin Damagaram take, da ragowar ganuwar da ake jingina wa Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1854 zuwa 1884. Faransawa sun kama garin a 1899, ya zama hedikwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 har 1926, kafin su koma Yamai. Tsohon barikinsu na kan dutse yana hannun soja, don haka ku mayar da waya aljihu idan kun zo kusa.

A ƙasar Damagaram kuma akwai Kufan Kanawa, tsohon gari mai ganuwa wanda labarin baka ke cewa nan Kanawa suka zauna kafin su gangara kudu. Wata masaniyar tarihin ƙarƙashin ƙasa, Anne Haour, ta yi tono a wurin ta rubuta a kansa. Bakanon da ke zaune a Zinder, a ganina, bai kamata ya koma gida bai nemi ganinsa ba.

Can arewa maso gabas akwai tsaunukan Termit, inda aka gano alamun tsohuwar narkar da tama, aka kuma mayar da yankin gandun kare namun daji a 2012. Wannan hamada ce sosai, sai da mota mai ƙarfi, izinin hukuma da jagoran da ya san rijiyoyi.

Wa za ku fara gani?

Mai gari. Babu kufan da ba shi da masu shi: gonar wani ce, ko makiyayar wani, ko makwancin kakannin wani. Ku yi sallama a zaure, ku gaisa a natse, ku ce: "Ranka ya daɗe, mu baƙi ne, mun zo ganin kufai, muna neman izinin kwana." Ku kai goro ko sukari da shayi. Shi zai haɗa ku da wanda ya san hanya, shi zai faɗa muku inda ba a takawa. Idan aka ce wani dutse ko wata kuka ba a kusantarsu, ku bari, ko da ba ku yarda da dalilin ba. Idan ya ce ku yini a can ku dawo ku kwana a zaurensa, ku karɓa da godiya.

Sai hukuma. Ku riƙe takardunku na shaida, ku sanar da jandarma mafi kusa inda za ku da ranar dawowa. Tun bayan sauyin mulki na Yulin 2023 an ƙara sa ido kan zirga-zirgar baƙi a Nijar, kuma hanyar da aka bi lafiya bara tana iya rufewa bana. Ku yi tambaya kafin kowace fita.

Wane lokaci, da wane guzuri?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, dutse ya yi kamar tanda. Da damina kuma gonaki sun rufe hanya, sauro ya yi yawa.

Ruwa ne kan gaba: aƙalla lita biyar ga kowane mutum a yini, ban da na girki da alwala. Sai rufaffen takalmi saboda ƙarangiya da ƙaya, rawani ko malafa, tocila, tabarma, gidan sauro, da bargo mai kauri, don sanyin hunturu a kan dutse da asuba har ƙashi yake shiga. Dabino, ƙuli-ƙuli da kilishi ba sa lalacewa a hanya.

Dare fa?

Ku zaɓi makwanci tun rana ba ta faɗi ba, a fili, nesa da tsagar dutse da tarin itace, don nan kunama da kububuwa ke fakewa. Da safe ku kife takalmi ku kakkaɓe kafin ku sa ƙafa. Idan maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi yawan motsi, a garzaya asibiti. Wuta kuwa ƙarama, a share ciyawar kewaye, a kashe ta da ƙasa kafin barci. Busasshiyar ciyawar nan ita ce abincin dabbobin mutane har damina.

Nawa za a kashe?

Kuɗin mota ko kabu-kabu, ladan jagora, gaisuwar mai gari da abinci. Ku daidaita da jagora kafin ku tashi. Ku kuma lura da lissafin Nijar: dala ɗaya sefa biyar ce, saboda haka wanda ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi.

Zan iya ɗaukar ɗan abin tunawa?

A'a, ko tsingaro ɗaya. Dokar Nijar ta 1997 kan kare kayan tarihi ta hana tono ba izini, ta hana fitar da irin waɗannan kaya daga ƙasa. Ko ba don doka ba, ga dalili. Ku ɗaga tsingaro ku duba: za ku ga zanen da maginiyar tukwane ta murza da igiya tun yumɓu na ɗanye. Daga wannan zane, da zurfin da aka same shi, da gawayin da ke gefensa, masana ke gane zamanin garin da waɗanda ya yi hulɗa da su. Da zarar ya shiga aljihunku, wannan bayani ya ɓace. Haka aka yi wa kufan Bura a yammacin Nijar, inda masu tonon sata suka kwashe tukwane da mutum-mutumin yumɓu suka sayar a ƙetare.

Idan kun ga abin da ya ɗauki hankalinku, ku ɗauki hotonsa a inda yake, ku mayar da shi yadda kuka same shi, ku shaida wa mai gari idan kun sauko.