Me Ya Sa Ake Sake Horar da Malaman Firamare?

Yaro kan kai aji uku bai iya haɗa baƙi da wasali ba, domin sau da yawa haddar abin da ke kan allo kawai ya saba.

Wannan matsalar ce shirin Mu Karanta, wanda hukumar USAID ta tallafa wa a jihohin Bauchi da Sakkwato, ya nemi gyarawa a aji 1 zuwa 3. An koya wa malamai su fara da sautin harafi, sannan gaɓa, kalma, har jimla. Malami zai gwada, su yi tare, sannan yaro ya rubuta da kansa. Jami'ai kuma sun riƙa shiga aji suna gyara wa malamin.

Bitar kwana kaɗan ba ta wadatarwa. Gwamnatoci su ɗore da bibiyar malamai.