In Injin Wanki Ya Ƙi Zubar da Ruwa

Da hutun nan na sauka gidan yayata a Kubwa, Abuja. Ran Lahadi injinta na wanki ya tsaya cike da ruwa, ga kayan makarantar yara a ciki. Har za ta aika a kira makaniki, na ce mu duba tukuna.

Akwai ƙaramin famfo a gindin injin, shi ke tura ruwa waje ta cikin tiyo. Kafin ruwan ya kai famfon sai ya bi ta wata rariya. Watau wuri uku ke nan za a duba.

Da fari a zare wayar lantarki daga bango, gama ruwa da lantarki ba su ga maciji. Sa'an nan a duba tiyon, kada ya lanƙwashe, kada kuma bakinsa ya wuce mita 1 daga ƙasa. Bayan haka a buɗe 'yar ƙofar da ke ƙasa ta gaba, a tara faranti, a kwance rariyar a hankali.

Mu dai maɓalli da curin zare muka tarar. Da muka cire su, ruwa ya fita sarai. In wannan bai yi ba, laifin famfo ne, sai makaniki. 'Yan'uwa, a riƙa laluba aljihu kafin wanki.